Igiyar Mai Ɗaurin Kaya

Aikina a Yanbu shi ne duba igiya. In na faɗa wa mutanen gida haka sai su yi dariya, su ce ashe duk karatun injiniyan da na yi a igiya ya ƙare. To, a nan ya ƙare, kuma ban ji kunya ba. A matatar mai akwai mutanen da ke wuni a saman ƙarfe, inda in ka leƙo ƙasa za ka ga mota kamar akwatin ashana, kuma abin da ke tsakaninsu da ƙasar nan ɗamarar tsaro ce da igiya da ƙugiya. Ni nake dubawa kafin su hau. Nakan bi igiya da yatsu tun daga wannan kai har wancan, in lanƙwasa ta, in shinshina ta ma in ta kama, don wadda sinadari ya taɓa tana da warinta. Wadda na samu da aibi ba na ajiye ta gefe in ce sai an jima. Nan take nake sa wuƙa in yi mata gunduwa-gunduwa a gaban mai ita, ko da zai fashe don fushi, domin in ka jefa ta kwandon shara da ranta, gobe wani mai tattali zai tsince ta. Haka aka koya mini, haka na koya wa na ƙasa da ni, kuma wannan halin ne ya raba ni da tuwon Juma'a.

Iyalina suna Kano. Karatun yara ya mayar da su gida tare da uwarsu, ni kuma aiki ya riƙe ni. Daga Lahadi zuwa Alhamis ina Yanbu cikin Indiyawa da Larabawa da 'yan Filifin, Turanci da safe, Larabci da rana. Ran Alhamis da la'asar sai in kamo hanyar Madina, inda na kama ɗan ɗaki a unguwar Sultana, a saman wani shagon walda. 'Yan'uwa a gida suna cewa na dace, kowane mako ina Juma'a a Masallacin Annabi. Na dace ɗin, ban musa ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi bayan an sallame. Dubban mutane za ku fito tare, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya nufi wata ƙofa da ake jiransa a bayanta. Ni kuwa sai in sayi shinkafa da kaza a leda, in hau bene, in shimfiɗa a ƙasa in ci, ba abin da nake ji sai ƙarar cokalina. Hausa kuwa sai a waya, ita kuma Hausar waya ba ta ƙosarwa: ya yara, ya zafi, lafiya lau, sai anjima.

Wata Asabar kaɗaici ya kore ni daga ɗaki. Na shiga mota ban san inda za ni ba, na tsinci kaina a bakin masallacin Ƙiblatain. Motocin alhazai suna ta saukewa suna kwasa. A jerin shagunan dabino da darduma na ji wata murya tana faɗa da Hausa: "Kai alhaji, wannan ɗauri ne ko gaisuwa?" Na tsaya cak. Wani dattijo ne siriri cikin farar jallabiya, ya durƙusa a kan katan yana kwance ɗaurin da mai kayan ya yi, yana sake wani da shuɗiyar igiyar nailan. Ni da nake cin abinci da igiya ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ya zagaya, ya danne da gwiwa, ya ja, ya murɗa, ya kulle, ya bar mariƙi a sama inda mai kaya zai ɗauka. Da ya gama sai ya ɗalli igiyar da yatsa, ta yi ƙara, ya gyaɗa kai.

Na ce masa sannu da aiki. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mutumin ƙasa ne? Daga ina?"

Na ce Kano. Ya ce shi bai taɓa ganin Kano ba. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taho da ƙafa ta Chadi da Sudan, ya yi aikin Hajji, ya ziyarci Madina, ya ce shi kam ya zo gida. Da ya ji sana'ata sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Muhandis na igiya! Wallahi duniya ta ci gaba. Ina kake cin abinci ran Juma'a?"

Na ce a ɗaki. Ya daina dariya.

"A'a. Wannan aibi ne. Halas, an gama magana. Juma'a mai zuwa gidana."

Tun daga ranar na zama Muhandis, wato injiniya da Larabci, shi kuma Baba. Gidan yana cikin wani lungu kusa da shagonsa. A falo ake shimfiɗa leda, a kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, ɗanɗanon da na zaci sai a Kano. Matarsa, Hajja, tsohuwa ce mai baki. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jefo magana. Ita ce ta ce mini in ban yi ƙiba ba za a ce a Kano ba ta iya tuwo ba. Suna da ɗa namiji guda, malamin sakandare, ya haura talatin. Yana jin Hausa sarai, amma in an yi masa da Hausa sai ya mayar da Larabci, kuma Ammu yake ce mini, wato baffa. Maƙwabta biyu ko uku sukan shigo. Ina da wurin zamana, jikin bango, da matashin da ba wanda ke taɓawa. In an ci an sha shayi da na'ana, sai Hajja ta ƙulla mini saura a roba na Asabar, Baba ya raka ni bakin lungu ya ce, "Sai Juma'a, Muhandis." Wannan kalmar ita ce gayyatar, kowane mako sabuwa. Ba zan ɓoye ba: saboda ita nake jure sauran kwanakin.

Hirarmu da Baba ba ta wuce igiya. Yana da aƙida a kanta, kuma ba ya sassautawa. "Igiyar da ke miƙewa munafuka ce," in ji shi. "Ka ɗaure da ita a Madina, kafin Jidda ta saki." A sana'arsa gaskiyarsa ce, ni ma shaida ne. Sai dai sana'ar ta fara ja da baya. Alhazan yanzu sun fi son injin nan da ke naɗe kaya da leda kamar ana yi wa jaka likkafani. Baba yakan ce wannan ba aiki ba ne, kunya ce. Yakan wuni wani lokaci bai ɗaure katan biyu ba, amma kullum ƙullin igiyarsa na rataye a ƙofar shago, wuƙarsa na aljihu.

Rigimar ta taso ne gab da hutun bazara. Ɗan ya ce zai tafi da abokansa wata ƙasa mai duwatsu da koguna, kuma akwai wata gada da ake tsalle daga kanta, an ɗaure mutum da igiyar roba a ƙafa. Banji ake ce wa wasan. Ya nuna mana a waya: mutum ya buɗe hannu, ya faɗa kai ƙasa, ya tafi, ya tafi, har kamar zai sumbaci ruwa, sai igiyar ta dawo da shi sama yana reto. Hajja ta dafe ƙirji ta hau salati. Ta ce igiyar tsinkewa take yi, ta ji an faɗa. Ta ce ƙafar mutum cirewa take yi daga ƙugu. Ta ce wanda ya ƙoshi ne ke neman abin da zai kashe shi. Wani maƙwabci ya ce ai robar tayar mota ce suke yankawa, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Ɗan yana ta murmushi yana cewa da Larabci ya riga ya yi alkawari da abokai.

Ni dai ina cin tuwona. In don ta ni ne, ko za a ba ni matatar Yanbu kyauta ba zan yi wannan tsallen ba. Rabin rayuwata na yi ina hana mutane faɗowa, ga wasu suna hawa jirgi takanas don su faɗo.

Baba ya jira har aka kawo shayi. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da sabon ƙulli na shuɗiyar igiyarsa, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ajiye a gaban ɗansa.

"Tayyib, shi ke nan. Ka girma, ba zan hana ka ba. Amma da sharaɗi. Robarsu ban yarda da ita ba. Wannan za ka ɗaura a ƙugunka, ɗaurin da na koya maka, abokanka su ɗaure ɗaya kan a ƙarfen gadar. Ka rage mata tsawo kaɗan, ta riga tasu riƙe ka. In tasu ta ci amana, tawa ba ta ci." Ya juyo gare ni, fuskarsa a sake. "Ko ba haka ba, Muhandis?"

Ni Bahaushe ne, na san wannan ba tambaya ba ce. In babba ya ce maka ko ba haka ba a gaban ɗansa, a gidansa, hannunka cikin akushinsa, goyon baya yake nema. Amsarta ɗaya ce, kuma gajeriya. Amma abin da na gani a idona shi ne buhun yashin da muke gwaji da shi a Yanbu. Duk sabon ma'aikaci sai mun nuna masa: a ɗaure buhu mai nauyin mutum da igiyar da ba ta miƙewa, a sako shi daga sama. Ba abin da ke samun igiyar. Buhun ne ke darewa biyu.

Na ajiye kofi. Na yi ƙoƙarin tausasa murya.

"Baba, in katan ya suɓuce daga saman bas, kana riƙe da igiyarsa, me ke faruwa?"

"Igiyata ba ta tsinkewa."

"Na sani. Katan ɗin fa?"

Ya san amsar fiye da ni: igiya takan yanka kwalin, dabino ya watse a titi.

Na ce miƙewar nan da yake zargi ita ce rahamar abin. Robar ba ta taya ba ce, zare-zare ne masu yawa a haɗe, suna karɓar nauyin mutum sannu a hankali har ya tsaya, shi ya sa ƙafa ba ta cirewa. Tasa kuwa za ta tsayar da yaron farat ɗaya, ta karya masa baya, in ma ba ta naɗe masa wuya ba tun a hanya. Na ce wa Hajja tsinkewar igiya ba ita ce abin da ya fi ba ni tsoro ba. Abin tsoron mutum ne, mai ɗaurin da hankalinsa ya tafi wani wuri, ko mai awon da ya yi kuskure. Na juya ga ɗan na lissafa masa abin da zai duba. Su ɗora shi a sikeli, kuma kada ya rage ko kaɗan don kunyar abokai, domin da nauyinsa ake zaɓar igiyar. Ɗaurin ya zama biyu, na ƙafa da na jiki. Wanda ya ɗaura daban, wanda ya duba daban. Ya tambaye su yaushe suka fara aiki da wannan igiyar, in suka yi masa hanya-hanya ya juya abinsa. Kuma ya ga likita tukuna, don mai hawan jini ko ciwon ido ko ciwon baya ba shi da abin yi a gadar nan. Na daɗe ina magana. In na hau zancen igiya ba na jin birki.

Da na gama sai na ɗago kai. Baba yana kallon ƙullin igiyarsa. Mutumin da duk unguwa ta san shi da ɗauri, an gaya masa a gaban ɗansa da maƙwabtansa cewa igiyarsa kisa za ta yi. Ya raka ni bakin lungu kamar kullum. Ya ba ni hannu.

"Allah ya kiyaye hanya, Muhandis."

Na tsaya ina jiran sauran. Babu saura.

Juma'ar da ta biyo na koma wa shinkafar leda. Da ban taɓa sanin tuwon Hajja ba, da ta fi sauƙin haɗiya. Nakan fito daga masallaci in tsinci ƙafafuna sun nufi inda nake ajiye mota don tafiya Ƙiblatain, sai in tuna. Bazarar Madina ba ta wasa ba ce. In ka rufe ɗaki da azahar ba ka jin motsin kowa, masu walda ma sun tafi. Nakan kwanta in dubi rufi ina shirya maganganun da ya kamata in faɗa a madadin waɗanda na faɗa, amma duk yadda na juya su, igiyar nan dai kisa take yi.

Can bayan hutu na haɗu da ɗan a Sultana, yana fitowa daga shagon waya. Ya rungume ni. Ya yi tsallen, ya dawo lafiya, har ya nuna mini hoton bayan hannunsa inda suka rubuta nauyinsa da alƙalami. Ya ce duk abin da na lissafa ya duba, abokansa har suna yi masa tsiya wai ya zo bincike ne. Na tambaye shi igiyar fa. Ya waiga hagu da dama kamar mai sayar da kayan sata. Ya ce uban ya cusa masa ita a jaka, ya kai ta can, ya dawo da ita, ko ledarta sai a hanyar dawowa ya cire. Da uban ya tambaye shi ko ya ɗaura, ya dubi fuskar tsohon, sai ya ce ya ɗaura.

"Ammu," ya ce, kuma a karon farko ya yi mini Hausa, a karye, "ka rufa asiri. Yana murna."

Na ce to. Har ga Allah na yi niyyar rufawa. Wa ƙaryar za ta cuta? Yaro ya dawo, tsoho ya samu abin riƙewa.

A makon nan Baba ya kira ni, muryarsa kamar ta ango.

"Ya Muhandis! Ina ka shiga? Hajja ta ce ko ka yi sabuwar uwa ne. Gobe Juma'a."

Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na sayi kankana mafi girma a Sultana, na rungume ta har falo. Matashina yana nan inda na bar shi. Hajja ta leƙo ta ce na rame, alhakinta ne ya kama ni. Mutane sun fi na kullum yawa, don an gayyaci maƙwabta. Na san za a yi mini tsiya, na shirya sha. Baba bai ɓata lokaci ba.

"Ga shi nan zaune, Muhandis. Duba shi da kyau. Bayansa ya karye? Wuyansa ya naɗe? Ya ɗaura igiyata, ya faɗa, ya dawo. Karatu daban, hannu daban."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na kai loma baki, miyar ta yi daɗi har na lumshe ido. A raina na ce ya wuce, in sha dariya duk Juma'a har ƙarshen kwantiragina, na yarda.

Sai Baba ya miƙa hannu bayan matashinsa ya jawo ƙullin igiyar.

Akwai wani a falon da ban sani ba, ɗan ƙanwar Baba, sabon ango, mutum mai sanyin hali da ba ya haɗa ido da manya. Ashe shi ma zai tafi da amaryarsa wani garin bakin teku, kuma ya ji a can ana irin tsallen daga kan kiren, dogon injin nan na ɗaga kaya, a filin wasanni. Baba ya sa shi ya miƙe tsaye. Ya zagaya masa igiyar a ƙugu, ya ja, ya murɗa, ya kulle, yana nuna masa a hankali, yana sa shi ya maimaita. Ya ce in masu wurin sun hana, ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga, ya ba wani ɗan abin hasafi ya ɗaure masa kan a sama. Angon yana ta cewa, "Hadir, ya Khali," wato to, kawu, an gama. Na dubi fuskarsa na ga irin mutanen da nake tsoro a wurin aiki: waɗanda in babba ya ce su yi, yi suke yi. Wani maƙwabci kuma ya ce shi ma a yanka wa ɗansa tasa, ya ajiye.

Na san wurin kirki ba zai bar shi ya hau da ita ba. Na kuma san ba kowane wuri ne na kirki ba. Na dubi ɗan Baba. Ya sunkuyar da kai yana ta gyara tuwon da ba ya buƙatar gyara. Na jira shi. Na ba shi lokaci har Baba ya zaro wuƙa zai yanke tsawon da ya auna. Bai ɗago ba.

Hannuna yana cikin akushi lokacin da na yi magana.

"Baba, bai ɗaura ba."

Wuƙar ta tsaya.

"Bai ɗaura ba. A jaka ta je, a jaka ta dawo. Da ya ɗaura, da ba ya cikin falon nan. Ka tambaye shi."

Baba bai dube ni ba, ɗansa ya duba. Ya tambaye shi da Hausa, a hankali, "Gaskiya ne?" Ɗan ya ce wani abu da Larabci ƙasa-ƙasa, ban ji ba, amma kowa ya gane. Hajja ta saki labule. Baba ya kwance igiyar daga ƙugun angon da hannunsa, ya naɗe ta a gwiwar hannu, zagaye bayan zagaye, a tsanake, kamar ba kowa a wurin. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zama ɗaya ba sai ranar. Kankanata tana gefe ba a yanka ba.

Ba wanda ya kore ni. An kawo shayi, na sha. Hajja ma ta aiko da robar saura, ta hannun jikarta. Amma Baba bai raka ni ba, ya ce ƙafarsa na ciwo.

Da na ba matata labari a waya ta ce, "Kai dai ba ka iya zama da mutane ba. Me ya hana ka jan angon gefe bayan an tashi?" Na ce mata angon ba zai bar maganar kawunsa ya ɗauki ta baƙo ba. Na ce mata akwai maƙwabta a wurin, kowa da 'ya'yansa, kuma labarin igiyar da ta ceci yaro ya riga ya zaga lungu. Duk gaskiya ne. Amma a lokacin ban tsaya wannan lissafin ba. Na ga igiyar da ba ta dace ba a ƙugun mutum, kuma ni ba a koya mini in ce sai an jima ba. Ko yau aka sake, haka zan yi. Wannan bai hana ni jin zafin abin ba. Daga baya ma na ji cewa angon bai yi tsallen ba sam, amaryarsa ce ta ce in ya hau kiren ɗin ya sauko ya tarar ta koma gidansu. Na yi dariya ni kaɗai a mota, dariyar da ba ta da daɗi.

Ɗan bai sake kirana ba, ban ga laifinsa ba. Ya roƙe ni abu guda, da Hausar da ba ya yi wa kowa, na watsa masa ƙasa a ido. Ban sake zuwa Ƙiblatain ba sai da hutuna na shekara ya zo. Na cika katan biyu da dabino da tsarabar yara. Akwai injin leda a kusa da ni a Sultana, amma na sa su a mota na kai shagon Baba. Na ce wa kaina don ingancin ɗauri ne.

Ya gan ni ya miƙe. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage: ya aiki, ya Yanbu, ya iyali, ya zafi. Irin gaisuwar da ake yi wa alhajin da ya sauko daga bas. Na ce ina son a ɗaure mini kaya. Ya durƙusa, ya danne da gwiwa, ya ja, ya murɗa, ya kulle. Ina tsaye a kansa ina kallon ƙeyarsa. Ya bar mariƙi a sama. Ya ɗalli igiyar da yatsa, ta yi ƙara.

"Wannan dai ba mutum ba ne," ya ce, bai ɗago ba. "Ba zai karye ba."

Ya taya ni sa su a mota. Ya ba ni hannu ya ce a gaida mutanen ƙasa. Na daɗe da kunna mota ban ja ba, ko zai ƙwanƙwasa gilashi. Ya koma ya zauna a kujerarsa yana kallon masallaci.

Kayan sun isa Kano ba ko kwarzane. Yara suka kewaye su suna tsalle, matata ta ɗauko wuƙar kicin za ta yanke igiyar. Na riƙe hannunta. Ni da nake yanka igiya ba tare da na waiga ba, na zauna a tsakar gida ina kwance ƙullin Baba ɗaya bayan ɗaya da farce, yara suna ta ƙorafi na hana su dabino. Ɗaurin bai saki ko kaɗan ba, sai da yatsuna suka yi ja.

Na dawo da ita Madina a jakata. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina a Sultana, ba ni da abin da zan ɗaure da ita. Ran Juma'a in na dawo daga masallaci da ledar shinkafata, na rufe ƙofa, ita nake fara gani.